Gauta, aduwa da cibiya: yadda aka haɗa mamulmulin ƙarfe a wani gareji a Tudun Wada

A kan bencin wani maƙwabcina a Tudun Wadan Kaduna akwai gwangwanin madara da bai yarda kowa ya zubar ba. A cikinsa akwai dunƙulen ƙarfe guda tara, wasu na gorar ruwa, wato alminiyum, wasu na tagulla, kuma babu ko ɗaya da ya fito yadda aka so. Idan ka kalle su daga nesa ka ce ƙwallaye ne. Sai ka ɗauka ka juya a tafin hannu sannan za ka ji wannan ya baje, wancan ya yi tsini, wani kuma jikinsa duk zane-zane kamar bayan kada. Na zauna da shi yawancin ranakun da ya yi wannan aiki, kuma abin da na fahimta shi ne kowane ɗaya daga cikin ɓatattun nan yana faɗin ainihin inda kuskuren yake, in dai mutum ya iya karanta shi.

Malam, haka duk layinmu ke kiransa, lissafi yake koyarwa a wata makarantar sakandare. Ƙarfe ba sana'arsa ba ce, sha'awa ce ta ranar Asabar da Lahadi. Yana da ƙaramin injin sassaƙa ƙarfe ƙirar Chaina, wanda masu aikin ke kira let, irin wanda mutum biyu za su ɗaga su ɗora a kan tebur. Ƙarfe mafi faɗi da zai iya juyawa a kansa milimita 180 ne, wato daga gadon injin zuwa tsakiyar abin da ke juyawa milimita 90 ke nan. Motarsa ƙarama ce, gudunta kuma wani ɗan allon lantarki ne ke sarrafa shi, shi ya sa ba ya kunna shi sai ta sitabilaiza.

Abin da ya jawo maganar bai taka kara ya karya ba. Yana da tsohon injin huda na tsaye mai hannaye uku, kan kowane hannu da ƙwallon roba. Biyu sun fashe, na ukun ya tsage. Da ya shiga kasuwa da ya samo na roba ya ɗaura kafin la'asar, kuma na faɗa masa haka. Ya ce shi na tagulla yake so, kauri milimita 25, mai tiredin M8 a ciki, wato na noti mai kaurin milimita 8, kuma a garejinsa yake so a yi su. Na san ba kan hannun inji ne ya dame shi ba, so yake ya ga ko zai iya.

Matsalar ita ce let tafiya biyu ya sani. Sirdin da ke ɗauke da wuƙar yanka yana bin tsawon ƙarfen, hagu da dama. Teburin da ke kan sirdin kuma yana shiga yana fita, a gicciye. Da waɗannan biyun za ka fitar da sanda, ka fitar da fuska mai laushi, amma ƙwallo yana buƙatar bakin wuƙar ya bi baka kamar na maharbi. Wasu kan gwada murɗa hannaye biyun a lokaci guda su ƙarasa da magagari, kuma yana yiwuwa idan guda ɗaya ake so ba a damu da awo ba. Guda uku masu kama da juna kuwa sai da abin aiki na musamman. Malam ya raɗa masa suna mamulmuli, sunan kuma ya zauna.

Yadda ya yi mini bayaninsa a ranar farko har yanzu ban ji wanda ya fi shi ba. Ya ce in tuna akuyar da aka ɗaure a turke. Duk inda ta zaga, da'ira take ci, kuma girman da'irar tsawon igiya ne. Mamulmuli faifan ƙarfe ne da ke juyawa a kan turke, wuƙa tana tsaye a kansa tana fuskantar ciki. Nisan bakin wuƙar daga tsakiyar turken shi ne igiya, shi ne rabin kaurin ƙwallon. Sharaɗi ɗaya ne: turken ya zauna daidai ƙarƙashin layin da ƙarfen ke juyawa a kai, ba gaba ba, ba baya ba. Idan hakan ta samu, ƙarfe yana juyawa, kai kana kaɗa hannun faifan a hankali, ƙwallo zai fito da kansa.

A takarda ke nan.

Ya cire ƙaramin tebur na sama da ke riƙe da wuƙa, wanda notuka biyu ne kawai ke damƙe da shi, ya auna tazarar da ta rage daga saman teburin gicciye zuwa tsakiyar inji. Milimita 50 da 'yan kai ya samu. Duk abin da zai haɗa dole ya shige cikin wannan ɗan wuri: farantin ƙasa, faifan juyawa, mariƙin wuƙa, sannan a bar wa cikin ƙwallon kansa filin da zai juya ba tare da ya goga faifan ba. Duk milimitar da ka ba faranti, daga girman ƙwallon da za ka iya yi ka cire ta. Masu manyan injina ba sa wannan tsumulmular, amma mai ƙaramin let da ita zai fara.

Haɗin farko a Panteka aka yi shi. Duk wanda ya san Kaduna ya san cewa idan ƙarfe ne, can za ka nufa: masu walda, masu narka gorar ruwa suna zuba tukwane, masu yankan faranti, masu tarkacen injina da aka kwance. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha da ke maƙwabtaka da wurin ma can suke kai aikin kammala karatunsu. Malam ya sayi guntayen faranti da boris lamba 6204, mai ramin milimita 20, faɗi 47, kauri 14. Tunaninsa shi ne tunda abu ne mai juyawa, boris ne zai sa ya juya sumul. Wani yaro mai walda ya liƙa masa gidan boris a kan farantin, ya liƙa mariƙin wuƙa da hannu a kan faifan, aka gama a rana ɗaya. Idan ka taɓa hannun da ɗan yatsa sai ya zagaya kamar fanka. Malam ya dawo gida yana murna.

Da wuƙar ta taɓa gorar ruwa sai gareji ya ɗauki ƙara, wani irin kuka mai sa haƙori tsami. Hannun yana karkarwa a tafinsa. Ya rage gudu, ya rage ci, ya wasa wuƙa, duk a banza. Ƙwallaye uku na farko a gwangwanin nan daga wannan haɗin suka fito, su ne masu jikin kada.

Akwai wani dattijo da ke da babban let a wata rumfa can ciki, tsohon ma'aikacin gyaran injina ne a ɗaya daga masaƙun Kakuri tun lokacin da suke aiki ba dare ba rana. Shi Malam ya kai wa abin. Baba bai ko nemi ganin zanen ba. Ya damƙe farantin a kan benci, ya kama saman mariƙin wuƙar da yatsa biyu ya girgiza. Ni da nake tsaye ban ga komai ya motsa ba, amma ya kama hannun Malam ya ɗora a wurin.

"Ka ji?"

"Na ji, Baba. Amma ai ɗan kaɗan ne."

"A nan ƙasa ne kaɗan, ɗana. Wuƙarka a sama take."

Abin da yake nufi ke nan: boris mai ƙwallaye layi ɗaya an yi shi ne don ɗaukar nauyin da ke danna shi ta gefe, kamar a ƙafar babur, inda akan sa biyu nesa da juna su tallafi juna. Guda ɗaya shi kaɗai yana da ɗan wasa a ciki, yana iya karkata. Wuƙar kuma tana tsaye can sama da shi, don haka ƙarfin yanka yana tura ta kamar yadda ake tura dogon sanda a ɗaga dutse. Ɗan wasan da ido ba ya gani a boris sai ya ninka a bakin wuƙa: ta nutse, ta tashi, ta sake nutsewa, sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. Zanen da ke jikin ƙwallayen sawun wannan rawar ne. Sannan Baba ya kifa farantin a kan gadon injinsa ya danna kusurwa ɗaya, ɗaya kusurwar ta ɗaga. Zafin walda ya lanƙwasa shi. Wato ko da boris ɗin lafiya lau yake, gindin abin ba a zaune yake ba.

Shawararsa ta saɓa wa duk abin da Malam ya zo da shi a kai. Kada a sa boris, kada a yi walda. Faifai ya kwanta kai tsaye a kan faranti, fuska da fuska, da giris a tsakani, domin faɗin wurin da suka haɗu shi ne zai hana karkata. Kuma bai kamata hannun ya juya da sauƙi ba. Ya zama yana da ɗan nauyi, yana jan hannu daidai wa daida daga farko har ƙarshe, kamar murfin tukunyar da ya zauna da kyau. Sauƙin juyawar da ya burge Malam a ranar farko shi ne ainihin ciwon.

Haɗi na biyu ya ɗauki makonni uku, galibi saboda wuta. Baba ne ya share fuskokin faranti da faifan a babban injinsa, don cok ɗin Malam, wato bakin da ke damƙe ƙarfe, ba zai riƙe su da kyau ba. Faranti ya tsaya a milimita 10, faifai a 12. A ƙarƙashin faifan aka bar ɗan tudu zagayayye wanda ya shige ramin farantin cif, babu wasa, shi ne turken. Noti da washa suka riƙe shi daga ƙasa, a nutse cikin farantin don kada su taɓa tebur, ana ɗaurewa ana gwadawa har nauyin juyawar ya yi daidai. A tsakiyar turken aka huda rami na milimita 6, wanda daga baya ya zama mafi amfani a duk haɗin. Hanyar da mariƙin wuƙa zai riƙa matsowa da ja da baya kuwa Malam ne ya yi ta da hannunsa, tunda ba shi da injin fafe ƙarfe: ya jera ramuka, ya haɗe su da magagari, dare biyu yana gurza. Ba ta yi kyan gani ba, amma ta riƙe.

Wuƙar guntun bakin huda ne da ya karye, na ƙarfe mai tauri da ake kira HSS, ya wasa shi a dutsen inji yana tsoma shi a ruwa akai-akai. Ya ɗan zagaye bakin, ya kuma kwashe gefe biyu, domin wannan wuƙar tana ci a tafiya tana ci a dawowa.

Ga yadda ya saita igiyar akuya, kuma dabarar ta burge ni. Ya tsayar da sandar milimita 6 a ramin turke. Ana son bakin wuƙa ya nisanci tsakiya da 12.5. Rabin sandar 3 ne, saura 9.5. Sai ya ɗauko bakin huda mai kaurin 9.5 ya sa gindinsa tsakanin sandar da wuƙar, ya matso da mariƙi har suka haɗu, ya ɗaure. Babu ma'auni mai tsada, lissafin aji uku ne kawai.

Shi kansa ƙarfen da za a mulmula ba a cok ake damƙe shi kai tsaye ba, don haƙoran cok za su tare hanyar wuƙa tun kafin ta kai bayan ƙwallon. Ana yanke guntu, a huda shi da bakin 6.8, a yanka tiredin M8, a murɗa shi a kan wata sandar ƙarfe mai tiredi wadda ita ce ke cikin cok. Juyawar inji ta yau da kullum ƙara ɗaure shi take yi, ba kwance shi ba. Tsawon wannan sanda sai an yi ciniki: in ta yi gajere hannunka ya kusanci cok, in ta yi tsawo ta riƙa lanƙwasa, karkarwar da aka kora ta dawo ta taga.

Ƙarar ta ɗauke. Jikin ƙwallo na huɗu ya fito sumul, har Malam ya kira ni ta katanga. Amma da ya ɗora ma'aunin baniya, wanda ake auna kauri da shi, sai ya ga 25.8, kuma gabansa a baje yake da ɗan fili a tsakiya, sak gauta. Ya sake auna igiyar, 12.5 ce daram. To daga ina ƙarin ya fito?

Nan ne na fi jin daɗin kallonsa, domin ya bar injin ya ɗauki alli ya yi zane a ƙofar gareji. Idan turken bai kai ƙarƙashin tsakiya ba, ya tsaya ta ɓangaren mai aiki, to wuƙar tana zana da'irarta daidai, amma da'irar gaba ɗaya ta matso waje. Kauri zai ƙaru da ninki biyu na tazarar da aka bari, tsawo kuma ba zai canja ba. Ƙarin 0.8 yana nufin turken ya gaza da 0.4. Dalilin gazawar kuma yana cikin sukurin da ke tura tebur. Kowane irin wannan sukuri yana da ɗan wasa tsakaninsa da notinsa: idan ka sauya hannu daga shiga zuwa fita, za ka ɗan murɗa a banza kafin tebur ya motsa. Lokacin da Malam ke daidaita tsinin da ya sa a cok da tsinin da ya sa a turke, ya ɗan zarce, sai ya jawo baya har suka haɗu, ya sa lambar hannun a sifili. Da ya zo yanka kuma daga waje ya shigo zuwa sifilin. Lamba ɗaya ce, amma wuri biyu ne, kuma tazararsu ita ce wasan sukurin. Ƙa'idar da kowane tsohon mai let ya sani ita ce ta inda ka shigo ka saita, ta nan za ka shigo ka yanka.

Sai ga abin dariya. Mutumin da ya gama bayyana mini cewa kuskuren rabin 0.8 ne, da ya koma kan inji washegari da dare, a gajiye, sai ya tura teburin 0.8 ɗin gaba ɗaya. A injinsa zagaye ɗaya na hannun milimita 1 yake tura tebur, kuma duk abin da tebur ya matsa, ninkinsa ne ke fita daga kaurin ƙarfe. Turken ya wuce tsakiya da 0.4 zuwa ɗaya ɓangaren. Ƙwallon ya fito 24.2, siriri a ciki, da ɗan tsini a gaba, kamar aduwa. Ya daɗe yana kallonsa kafin ya ce, in ɗalibinsa ne ya yi wannan da jan biro zai bi shi. Gauta da aduwa suna nan a gwangwani gefe da gefe, kuskure ɗaya ne ya haife su, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya.

Bayan nan ya canja salo baki ɗaya. Ya kawo turken tsakiya sau ɗaya, ya ɗaure notukan gefen tebur har ya daina motsi, ya ɗaure sirdin ma a inda turken ya nisanci ƙarshen guntun da 12.5. Daga nan bai sake taɓa hannayen inji ba. Cin wuƙa ya koma kan mariƙi: a fara da igiya mai tsawo, a riƙa rage ta kaɗan-kaɗan, har a zo kan wata 'yar ƙusa da ya kafa a matsayin iyaka. Ya fi jinkiri, don kowane zagaye sai an kashe inji an kwance an matsa an ɗaure. A ganina duk da haka ya fi dacewa da ƙaramin inji mai sako-sako irin nasa.

Saura cibiya. Kauri ya zo daidai, siffa ta yi, amma a tsakiyar gaban ƙwallon ana samun ɗan ƙurji da wuƙar ba ta taɓa ba, faɗinsa kamar milimita 1. Wannan ba laifin turke ba ne, na tsayin wuƙa ne. Bakinta yana ƙasa da tsakiya da rabin milimita, don haka ko ta zagayo gaba tana wucewa ne ta ƙarƙashin cibiyar. Abin sha'awa, kuma Malam ya nuna mini shi a ƙofar gareji, wannan kuskuren ba ya ɓata zagayen ƙwallon. Duk inda bakin wuƙar ya je nisansa da tsakiya ɗaya ne, ƙwallon dai na gaske ne, sai dai ya ɗara girma da abin da bai kai a ambata ba, ga kuma cibiyar. Maganinta gwangwanin lemo ne: jikinsa kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, ya yanka biyar da almakashi ya jera a ƙarƙashin mariƙi.

Tagullar ya samo ta ne daga tsohuwar sandar wani babban famfo a wurin masu tarkace. Ita kuma da nata halin. Wuƙar da aka wasa wa gorar ruwa tana da gangara a sama don ta yanka da sauƙi, tagulla kuwa irin wannan bakin fizgarsa take yi, ta ja shi ciki. Guda ɗaya ta lalace a haka, da wani gatsa mai zurfi a gefe. Baba ya ce a kwantar da saman wuƙar ya zama shafe, babu gangara ko kaɗan, ta riƙa kankara maimakon tsaga. Malam ya yi gudu kusan juyi 800 a minti, wanda a kaurin 25 ya kama mita 60 da ɗoriya a minti a jikin ƙarfen, ba tare da mai ko ruwa ba. Ya fara kwashe kusurwoyin guntun da wuƙar yau da kullum don rage wa mamulmulin aiki, ci na farko rabin milimita, na ƙarshe 0.1, hannu yana tafiya a hankali, musamman wajen gaba inda gudun ƙarfen ke raguwa har ya zama babu a tsakiya.

Dusar tagulla ba ta nannaɗewa kamar ta baƙin ƙarfe, feshi take yi kamar ƙananan allurai, kuma a wannan aikin fuskarka tana kusa. Tabarau dole ne. Kuma ban taɓa ganin ya shiga wurin da kaftani ba tun ranar da gefen hannun rigarsa ya shafi haƙorin cok yana kaɗa hannun mamulmuli zuwa hagu. Bai kama shi ba. Ya kashe inji ya zauna a kan buhu na ɗan lokaci, sannan ya je ya sanyo singileti. Washegari ya lanƙwasa hannun zuwa dama don yatsunsa su ƙara nisa.

Ukun da ke kan injin hudar yanzu sun auna 25.0, 25.0 da 24.9. Ya goge su da takardar yashi mai laushi, suka yi ƙyalli na mako biyu, sannan gumin hannu ya dusashe su. Ƙurar hunturu tana shiga tsakanin faifai da faranti, don haka yakan kwance su ya wanke da kananzir ya sake giris, yana kuma rufe abin da leda idan ya gama.

Ya gwada baƙin ƙarfe a kaurin 25, da gudu kusan 380 da ɗan baƙin mai, ya fito ba laifi. Da ya hau 40 karkarwar ta dawo, a wannan karon daga sandar da ke riƙe da guntun, kuma motar tana nishi idan ci ya wuce 0.2. Yana shirin yin wata sandar mai kauri da tiredin M12. Baba kuma ya aiko masa da saƙo ta bakin yaron shagonsa cewa ya kawo faifan a ƙara wa hanyar mariƙin tsawo ta ɗaya ɓangaren turke, domin idan wuƙar ta koma can tana fuskantar waje, rami za ta fafe maimakon ƙwallo, shi kuma yana da wani aiki da ke buƙatar hakan.